Takalman Usman a Ƙofar Gida

Ko kiran assalatu ba a yi ba muka bar gida, ni da ƙanwata da ƙullin daddawar da ta rantse ba za ta bari ba. Rakiya na yi mata zuwa Madina, gidan mijinta Usman. Shi haifaffen can ne, kakanninsa suka je hajji a ƙasa suka zauna. Bara waccan aka ɗaura musu aure a Kano, ya koma ya gama mata takardun zama da sunansa. Shi ne kafil ɗinta, wato cinta da shanta da zamanta a ƙasar duk a wuyansa suke.

Jirgi ya kai mu Jidda, wani ƙarami ya ƙarasa da mu Madina washegari da hantsi. Na sayi shayi a filin jirgi cikin ɗan kofin da bai fi kurɓi uku ba, da na ji kuɗin sai da na tambaya ko har da kofin aka sayar mini.

Usman bai zo tarbarmu ba. Mahaifiyarsa ce ta zo, wata siririyar tsohuwa cikin baƙar abaya. Ta rungume ƙanwata ta ce, "Yana tafiya, ya binti, 'yata. Ya kai kaya Tabuka, inshallah yana hanya."

Gidan yana wani lungu kusa da Uhudu, jan dutsen nan ya tokare bayansa. Da rana tsaka lungun tsit yake, ko kaza ba ta motsi. Farar jallabiyar namiji na shanye a igiya. Da aka kawo abinci, ɗan ful, dafaffen waken can, da burodin tamis da bai ishi mutum biyu ba, tsohuwa ta raba shi huɗu, alhali mu uku ne. Ta juya wajen ɗakin da ba kowa ta ce, "Ya Usman, ta'al, zo ga abinci." Ta saurara kamar mai jiran amsa, sannan ta rufe kwanon. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Bayan la'asar na ga takalman namiji a ƙofar gida, an goge su tas. Da safe babu su. La'asar na yi suka dawo. Kullum haka, ban taɓa jin takun kowa ba.

Ni ba mai haƙuri ba ce. Ranar da muka je ziyarar shahidai na ja maƙwabciyarsu gefe, wata 'yar Nijar mai sayar da dabino a rumfunan wajen, na tsare ta da tambaya. Ta ce watanni ke nan da aka tsinci motar Usman a hanyar Tabuka, ƙofa a buɗe, shi babu, har yau ko gawa. Tsohuwa ta sayar da awarwaronta ta cinye. Akwai daman, taimakon da hukuma ke ba wanda ba shi da mai ciyar da shi, amma sai ta je gaban alƙali ta shaida ɗanta ya ɓata. Tana faɗa, kafil ya faɗi, matar kuma sai gida.

"Duk unguwar nan mun sani," in ji ta. "Mu ma in an tambaye mu, yana tafiya muke cewa."

Na koma raina a ɓace. Na ce wa tsohuwa, "Inna, ku zauna da yunwa, ku kuma kira yarinya cikinta? Me ya hana ku aiko mana?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Cewa ya yi in riƙe masa matarsa. In ya shigo ya tarar na musanya ta da buhun shinkafa, da wane ido zan dube shi?"

Na ce wa ƙanwata ta haɗa kayanta. Ranar tafiyata da safe na fito da jakata, sai na gan ta a ƙofar gida. Ta ɗauki takalman, ta share su da bakin mayafinta, ta rungume su za ta shiga da su. Ta ce, "Yaya, ki gai da gida."

Ni kaɗai na hau jirgi, ina kuka har Jidda. Da na ɗauka kafil hannu ne kawai da ake sa wa a takarda. A Madina na ga tsohuwar da ta ɗauki nauyin da ba ita ta sa wa hannu ba, da yunwar cikinta take biya.

Ina shiga gida mahaifiyarmu ta tare ni, ta ce ya surukin nata. Ni da magana ba ta kwana a bakina, sai na ji ina cewa, "Yana tafiya, Umma. Yana hanya."