Ɓargon da na ba ƙanena

Da sikila aka haifi ƙanena. Tun muna yara a Tudun Wada na saba da nishinsa in ciwon ya motsa, Inna tana gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi. Yana shekara goma sha tara likitansa a nan Minna ya ce a gwada mu 'yan'uwansa, ko za a dace da wanda za a ɗebi ɓargonsa a dasa masa. Mu huɗu aka gwada, ni ce na dace.

Na amsa a gaban Baba, amma a raina tsoro nake ji. Ɓargon da na sani na ƙashin miya ne, in ka tsotse ka bar ƙashin wayam. Gwaggo ma ta zo takanas daga Wushishi, ta ce wa Inna kada a nakasa mai lafiya garin neman lafiyar wani.

Da muka isa asibitin da aka tura mu a Legas, wata likita ta ga na yi jugum, ta tambaye ni abin da ke damuna. Na gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ce a cikin ɓargon kowane mutum, ko ya tsufa, akwai wasu ƙwayoyi da ke haifar da jini iri-iri, kuma suna haifar da irinsu. Kaɗan za a ɗiba daga ƙashin ƙuguna.

"Yanzu, likita, wurin ba zai zauna haka nan ba?"

"Cikin 'yan makonni zai cika da kansa," in ji ta.

Ranar na ci abinci sosai, rabona da haka tun Minna.

An sa ni barci aka ɗiba. Na farka ƙuguna na tsami kamar na wuni ina daka. Ƙanena ne ya sha wuya wajen dashen. Gashinsa ya zube, aka killace shi a ɗaki, sai ta gilashi muke ɗaga wa juna hannu. A mako na uku likitar ta fito ta ce dashen ya kama, jikinsa ya soma yin sabon jini. Inna ta zame ƙasa a barandar tana hamdala.

Mun daɗe kafin mu dawo gida. Bana shekara uku ke nan ciwon bai tashi ba. Yana koyon gyaran waya a Sabon Gari, a ƙafa yake zuwa, ya yi ƙiba har rigunansa sun matse shi.