Hamida Ba Ta Yanke Layin Mai Shiru

Duk wanda ya yi aiki da Hamida a biro, wato ofishin ƙungiyar manoma ta Magarya, ya san ba ta barin ƙofa a buɗe. Teburina na kusa da nata, na sha faɗa a kan haka har na gaji. 'Yar Dungas ce, ta yi karatun ordinata, wato kwamfuta, a Damagaram, ta dawo ta riƙe tsarin da ke tura wa manoma saƙon ruwan sama a salula.

Tsarin nan ƙananan manhajoji ne birjik, kowace da aikinta, kowace ta sa sunanta a rajista don sauran su same ta. To, idan ɗaya ta gama ta cire sunanta, sauran ba sa sakin layin da suka buɗe da ita. Sai su yi ta kiran wadda ta tafi, layuka su cunkushe, saƙon mutanen Bande ya maƙale har a gama shuka. Hamida ce ta gyara: da zarar manhaja ta yi sallama, duk mai riƙe da layinta ya saki, kamar mai janye gugansa daga rijiya.

Shugabanmu Malam Ɗayyabu ya ji daɗi, sai ya ƙara da cewa, "Ki haɗa da waɗanda suka yi shiru. Wadda ba ta amsa ba, a yanke kawai."

Ta ce, "Wallahi ba zan yi ba, Malam. Na'urarmu ta garin Yekuwa da hasken rana take aiki, hadari na tasowa take yin tsit. Ba tafiya ta yi ba."

Yana da gaskiyarsa, layin da ba a amsawa nauyi ne. Ta rage yawan kiran, amma yankewa ta ce sai dai a kore ta. Taurin kan nan ya ba ni haushi, domin na san inda ya samo asali.

Mijinta Imran ya tafi Aljeriya neman aiki tun 'yarsu tana goye, yanzu yarinyar ta shiga lakwal, wato makarantar boko. Lambarsa ta daina shiga, ba gawa, ba saki. Hamida kuwa duk Juma'a sai ta kira.

Ranar kasuwar Dungas kawunta Idrissa ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar biro, ya zauna, ya sha ruwa. Ya ce dangi sun yanke shawara, gobe za a je gaban alƙali a raba auren, ta huta.

Na ɗauka kuka za ta yi. Ni kam idona ya cika.

Ta ce, "Kawu, ka ji ya yi mini sallama?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Ran da ya ce ya tafi, da hannuna zan goge lambarsa, ba zan kwana ba. Kafin nan ba mai yanke mini shi."

Ta miƙe ta raka shi har bakin hanya. Da ta dawo ta rufe ƙofar biro, ta ɗauki salula ta kira, ko da yake ranar ba Juma'a ba ce.