Farcen Bakanike

A layin masu gyaran mota babu wanda ya riƙe sunansa na yanka, Mai Farce kawai ake ce masa. Shekara arba'in da wani abu yana tara farcen yatsansa na nuni, na hannun dama, ba don ado ba, da shi yake cin abinci. In aka buɗe inji aka zare fistin, sai ya goge ramin silinda da tsumma, ya zura hannu, ya ja farcen a bangon ramin a hankali. In farcen ya wuce sumul, a sa sababbin zobba a rufe. In ya sarƙe ko da ƙanƙani ne, to bangon ya ci rauni, sai an kai bulon injin, wato gangar jikinsa, wurin masu injin sassaƙa. Masu sababbin gareji sun sayi ma'aunai masu agogo, shi kuwa ya ce ai agogonsa a jikinsa Allah ya dasa masa.

Yanzu duk wannan ya zama labari. Motocin zamani kwamfuta ake jona musu, masu tsofaffin motoci kuma sun bi motocinsu ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'ya sun watse. Da safe yakan buɗe rumfarsa, ya share, ya jera sifanu bisa girmansu, ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota yana kallon titi. Wani lokaci har azahar ba wanda ya ce masa sannu. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, amma ko da wasa ba ya faɗa.

Autarsa, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ita ta matsa masa tun da likita ya ce yana da ciwon suga.

"Baba, ka rufe rumfar nan ka dawo wurinmu. Ga ɗaki nan a share, ga jikokinka."

"In zo in yi me? In riƙa gadin talabijin?"

Da ta ƙi sakin maganar, sai ya nuna mata tsohuwar motarsa da ke bayan rumfa a lulluɓe da tamfol, wadda ta shekara takwas ba ta yi tari ba. Ya ce zai sauke injinta ya sake haɗa shi da hannunsa. In ta tashi, a ƙyale shi da rumfarsa, don aikin bai bar shi ba ke nan. In ya kasa, ta zo ta kwashe shi kamar kaya. Auta ta yarda, don ta san taurin kan ubanta.

Kwana huɗu ya yi yana kwance injin, shi kaɗai, yana yi wa kusoshi faɗa kamar suna ji. Rana ta biyar ya ɗora bulon a kan benci, ya wanke shi da kananzir, ramuka huɗu suka fito fili. Ya fara duba bakin kowanne, ko zobba sun bar tudu a inda suke tsayawa. Ya leƙa da tocila, amma idon ya daɗe da yin hazo, bai dogara da shi ba. Sai ya yi bisimilla ya zura farce. Na ɗaya sumul. Na biyu sumul. Na uku da na huɗu ma haka. Ya yi murmushin da ya kwana biyu bai yi ba, har ya fara shirya abin da zai gaya wa Auta a waya.

Ana haka sai ga mai walda na maƙwabta, tsohon abokin tsokanarsa, ya shigo neman inuwa.

"Mai Farce, gawar ce kake wa wanka?"

"Gawar da za ta kai ka asibiti wata rana. Zo ka taɓa ka ji aiki, ko da yake kai banda ƙona ƙarfe ba abin da ka sani."

Mai walda ya zura hannu yana kwaikwayon yadda tsohon ke yi, har da lumshe ido. A rami na uku ya tsaya.

"Kai, nan fa ya kama ni."

"Ya kama ka a ina? Kauce, ɗan koyo."

Mai Farce ya mayar da yatsansa daidai wurin, ya ja. Bai ji komai ba. Ya kunna tocila ya sunkuya, ya sake ja yana kallon hannun. Da idonsa ya ga yatsan ya yi ɗan tuntuɓe a kan wata doguwar tsaga da ta sauka tun daga sama, amma ko alamarta ba ta iso masa ba. Ya miƙa hannu ya ɗauko zarto, ya ja farcen a kan haƙoran zarton, nan ma shiru. Ashe ƙaiƙayin da yake ji a yatsunsa watannin nan, wanda ya ɗauka sanyi ne, ciwon sugan ne yake cinye masa ji.

Mai walda ya ga fuskarsa, sai ya fara kame-kame.

"Wataƙila datti ne, ka san hannuna kaushi gare shi."

"Ba datti ba ne. Kai ka yi daidai."

"To ai da sauƙi, a kai a sassaƙa. In ka haɗa ta ta tashi, wa zai gaya wa Auta? Ni dai bakina alekum."

Gaskiya ne, bulon zai gyaru, motar ma za ta tashi. Amma Mai Farce bai taɓa rufe inji a kan rauni ya ce wa mai shi lafiya lau ba, kuma ya san da ba don mai walda ba, da yau ya yi. Ya zauna a kujerarsa har mutumin ya gaji ya koma bakin aikinsa. Sannan ya shafa wa ramukan mai don kada su yi tsatsa, ya goge hannu, ya ɗauko waya ya kira Auta.

"Baba, ya aiki? Motar ta ƙi ne?"

"Motar ba ta da laifi," in ji shi. "Ki zo ranar Asabar."