Ranar da na ƙure muryar ordinatar a Tsibiri

A shekarata ta farko a aikin gona, babu abin da nake taƙama da shi kamar fim ɗin da na ɗauka a Jiratawa. Na yi makonni ina bin manoma cikin fadama, taɓo har idon sawu, ina ɗaukar yadda suke jiƙa ganyen bedi, wato dogon yaro, da barkono su fesa wa tumatir saboda tsutsa. Ni na riƙe waya na yi tambayoyi, ni kuma na haɗa shi a ordinatar biro, wato kwamfutar ofishinmu. Abokin aikina, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, muna ce masa Mushe, shi ke tuƙa mu. Da mun isa sai ya kwantar da kujerar mota a inuwar mangwaro.

Ranar da za a nuna wa manoman fim ɗin, shef ɗinmu, shugaban biro, ya ce zai zo daga Maraɗi ya gani. Da safe Mushe ya ari ordinatar, wai zai duba saƙo. Da na kunna a rumfar taro, hoto ya fito sarai, amma murya kamar kukan sauro. Na danna maɓallin ƙara murya har ya ƙure, a banza. Na baya suka fara cewa ba su ji.

"Bari in taimaka wa ƙanwata," in ji Mushe. Ya miƙe, ya tsaya gefen ordinatar, ya shiga bayani. "Nan ne na tambayi manomin kaza, nan ne na nuna musu kaza." Aikina kaf ya zama nasa ina zaune. Da aka tashi shef ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba, ni kuwa ya ce mini, "Madam, ki riƙa gwada kayan aiki kafin taro."

Washegari na hau kabu-kabu na kai ordinatar wurin wani mai gyara kusa da babbar kasuwa. Ya goge ramukan lasifikar da ɗan buroshi, ya kunna wata waƙa, sai ga ta rangaɗaɗau. Ya kunna fim ɗina, shiru. Sai ya buɗe wani wuri da ban taɓa sani ba, inda kowace manhaja take da nata ma'aunin murya daban. Na manhajar kallon fim yana can ƙasa.

"Madam, wanga ba lalacewa ba ce," ya ce. "Hannu ya ja shi."

"Ba ya sauka da kansa?"

"Ni dai ban taɓa gani ba."

Na sa ya nuna mini yadda ake ja sama da ƙasa har na iya, na sayi ɗan bafil a wurinsa, irin lasifikar nan da ake haɗawa ba waya. Kafin in fito shagon na mai da ma'aunin inda Mushe ya bar shi.

A biro na ce masa mai gyara ya ce lasifikar ta mutu. Ya girgiza kai. "Allah ya kyauta, ƙanwata. Kada ki damu, ai ina nan."

Akwai wani yanki da na yanke daga fim ɗin tun farko don in rufa masa asiri. Na nemo shi na mayar.

Taro na gaba a Tsibiri aka yi, da masu lambu maza da mata, shef ma ya zo. Mushe ya sha sabuwar shadda. Na ajiye jakata a kan tebur, bafil na ciki a kunne, na sa fim. Ya miƙe ya fara. Na bar shi ya yi nisa, ina kallon bakinsa, har ya kai inda yake cewa ranar nan sai da ya naɗe wando ya shiga ruwa. Sai na ja ma'aunin har sama.

Muryata ta cika rumfar, ina gaida wani tsohon manomi. Tsohon ya amsa, sannan ya ce, "Ɗiyata, wancan na cikin mota ba shi da lafiya ne? Kullum kuka zo sai kwana." Hoton ya juya ga mota. Ga ƙafafun Mushe a waje ta taga, babu takalmi, guda tana korar ƙuda.

Mata ne suka fara dariya, suna rufe baki da mayafi, maza suka kama. Mushe ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Madam, rage. Don Allah rage."

"Ban san inda ake ragewa ba, Mushe," na ce. "Ko ka sani ka nuna mini?"

Ya dubi ordinatar, ya dubi shef, ya koma ya zauna. Na bar fim ɗin a ƙure har ƙarshe, na amsa tambayoyin mutane da kaina.

Daga baya shef ya raba ni da Mushe, aka ba ni wani direba. Mushe ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata, ni kuwa kowace safiya sai na tsaya bakin ƙofarsa na gaishe shi, in tambayi gida da yara ɗaya bayan ɗaya. Ranar taron Tsibiri dai Mushe ne ya tuƙo mu muka komo Maraɗi, ina kujerar baya da jakata a cinya, ina cin gyaɗar da wata mata ta ƙulla mini a leda.