Zoɓon da Ya Tsallaka Katanga

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin lafiya a ƙauye, ba zan manta da binciken zoɓon da na yi a Garo ba. Har yau in na tuna sai dariya ta taso min, da ɗan guntun haushi a ƙarƙashinta.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti, ina kuma ƙarin karatu. Ba a ba mutum takardar shaida sai ya yi bincike nasa, ƙarin girmana kuma takardar nan yake jira. Malamar da ke duba aikina ta ce in ya yi kyau za ta taimaka a buga shi a mujallar likitoci. Tun daga ranar nan, tafiyata ma ta canja.

Tambayata mai sauƙi ce: shin zoɓo marar siga yana sauke hawan jini? Na tara dattawan da ke zuwa awo wurina, na raba su gida biyu da ƙuri'a, yadda littafi ya ce. Rukuni na farko, kullum da safe kowa ya karɓi gora guda ta zoɓon ya tafi da ita gida. Rukuni na biyu awo kawai, don a samu abin kwatantawa. Kowa kuma ya ci gaba da shan maganinsa na asibiti. Na yi musu bayani, suka ce, "To Likita, Allah ya taimaka." Ni ba likita ba ne, amma ban taɓa gyara musu ba.

Bayan mako shida na zauna lissafi, sai ga abin mamaki: waɗanda ban ba komai ba, jininsu ya fi sauka. Na zargi na'urar awo, na zargi kwamfuta, kaina ne kawai ban zarga ba. Ƙarshe na hau babur na nufi gidan wani dattijo na rukuni na biyu. Mun gama gaisuwa ke nan, da gida da gona da gajiya, sai na hango goruna uku a jere a zaurensa, ga lambar da na rubuta da hannuna a jikinsu.

"Baba, waɗannan fa?"

"Naka ne ai. Malam na gidan can ke aiko min."

"Baba, ai ku ba kwa cikin masu sha!"

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. "Haba ɗana. Katangarmu ɗaya, sahunmu ɗaya a masallaci, ciwonmu ɗaya. Sai ya shanye magani shi kaɗai ina kallo?"

Na tsallaka wurin maƙwabcin. Ko kunya bai ji ba. "Wallahi Likita na sha kwana biyu. Tsaminsa sai da ya girgiza min haƙora, da ma uku suka rage. Zubarwa kuma almubazzaranci ne, sai na ce gara a yi zumunci da shi."

Kafin la'asar na zaga gari, kusan ko'ina labarin ke nan. Wata Inna ma cewa ta yi siga da citta take zubawa ta raba wa jikoki, kuma suna gaishe ni.

Mai buga min aikin a kwamfuta a Gwarzo ya ji labari ya ce, "Kai ma da son wahala. Musanya sunayen rukunin mana, wa zai sani?" Ba zan ɓoye ba, kwana biyu ina juya maganar nan a raina. Amma na tuna wani ma'aikacin zai karanta ya yarda, ya ɗora marar lafiyarsa a kan ƙaryata. Sai na je na faɗa wa Malama komai.

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Lissafinka daidai ne. Tsarinka ne ya manta cewa mutanen nan suna da maƙwabta." Tana gama share ido ta soke aikin. Shekara guda cur na ƙara, abokan karatuna suka samu ƙarin girma suka bar ni. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Abin da na koya shi ne, lissafi komai kyansa ba ya miƙe binciken da aka tsara a karkace. Yanzu in na buɗe mujalla na ga jadawali ya fito tsaf, ba na saurin yarda. Sai na fara tambayar kaina: anya wanda ya rubuta ya taɓa leƙa zauren mutanen da ya ƙirga?