Adda Hajjo da Keken da Yake Gudu Ya Bar Ta

Bari in faɗa tun farko: yayata Adda Hajjo ta ɓata mini suna a Bagadaza, kuma har ta koma ga Allah ba ta wanke ni ba. Yau ko wa ka tambaya labarina, ni Buba mai keke napep, sai ya ce, "Wanda yake gudu ya bar yayarsa a titi?" To ku da kuka ci masarta, ku ji yadda aka yi.

Kun san ta da mafici. Ana ruwa ana sanyi, Adda tana fifita tana gumi, tana cewa, "Wai wa ya hura murhu a jikina?" Maƙwabciyarta Mama Rahila, tsohuwar nas, ita ta ja ta asibiti, ni na kai su. Gwajin jini ya nuna alamar kumburi a cikin jiki, irin wanda ido ba ya gani. Likita ta ce al'ada na shirin ɗaukewa, ga ƙiba, in ba ta rage ba hawan jini da ciwon suga suna tafe.

Aka ce ta hau sikeli. Ta cire takalmi, ta cire mayafi, har ɗan kunne! Ta leƙa, ta ce, "Wannan na masu sayar da wake ne, ƙari yake yi."

Aka ce ta rage maiƙo, ta riƙa cin ganye. Kullum sai ta kwaɗa zogale ta turo mini, ita kuwa ta ci masarta da man shanu.

"Adda, ke fa aka ce."

"Ci, ɗan nema! A bar shi ya lalace?"

Ni na rame, wandona har zamewa yake.

Sai maganar tafiya a ƙasa. Ta yarda, amma sai in bi ta a baya da keke, da safe, lokacin da fasinja suka fi yawa. Ta kai falwaya ta farko, ta yi nishi, ta faɗo ciki, keke ya karkace. "An gama ta yau, ja mu je."

Wata safiya raina ya ɓaci. Robar ƙullun masarta na cikin keke, na murɗa na yi Bolari, bakin tashar da take suya. Na san abu ɗaya: Adda ba za ta biya ɗan acaɓa ba alhali ƙaninta na da keke. Wallahi a ƙafa ta iso, tana haki, mafici a sama: "Jama'a ku shaida! Wannan na goya!"

Da yamma Mama Rahila ta raɗa mini, "Buba, gobe ma ka gudu." Haka muka yi ta yi, ni gudu, ita zagi, unguwa na kallo. Da aka sake gwaji, kumburin ya sauka, zani ya fara zagaye ta har da rara. Likita ta tambayi sirrin. Adda ta gyara zama ta ce, "Ƙoƙarina ne, likita. Ba ni da mai taimako, ƙanina ma mugu ne."

Ta yi shekaru bayan nan garau, ta aurar da 'ya'ya, ta goya jikoki. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, na tsaya a kanta na ce, "Adda, ki faɗa wa mutane gaskiya. Ki wanke ni."

Ta yi dariya har da tari. "In wanke ka? Wa zai ƙara jin tausayina?"

Na ce, "To ki sani, da za a dawo da safiyoyin nan, da sai na ƙara miki nisa."

Ta miƙo mini maficin, na yi mata fifita.

Allah Ya jiƙan Adda Hajjo, Ya sanyaya makwancinta. Ni dai na yafe, har zogalen.