Gefen Sufyanu a Akushi

Shekara talatin Maiturare, mai gyaran keke a Gwashi, yana cin tuwo akushi ɗaya da amininsa Sufyanu. Ranar da aka ta da maganar sulhu da 'yan bindiga, Maiturare ya ce a yi, ko a samu a yi noma. Sufyanu, wanda aka kashe wa ƙane a gona, ya tsame hannu ya tashi. Bai sake zuwa ba.

Maiturare ya rasa gane laifinsa. Ai da kafaɗarsa aka kai mamacin kabari! Tsoron yunwa kuma laifi ne?

Har yau gefensa kawai yake ci. In matarsa ta tambayi wa ake bar wa sauran, sai ya hau ta da faɗa, wai miyar ce ba gishiri.